Ƙosan Farin Kabeji Mai Yaji: Abin Motsa Baki Ranar Biki

Darasinmu na wannan wata na girki ne. Ya shafi uwargida, ya kuma shafi maigida, tunda shi ke yin cefane.

Kowa ya san yadda ranar suna ko ɗaurin aure take. Baƙi suna fara sallama tun da hantsi. Tuwo da shinkafa kuwa ba sa sauka sai wajen azahar. Kafin nan yunwa ta taso. Yara suna kuka, tsofaffi suna hamma, masu gida suna jin kunya. Naman ragon suna rabawa ake yi gida-gida, kuma ba ya isa a ce kowane baƙo ya samu. Don gudun gori, wasu magidanta sukan ci bashi su sayo kaji. Wani har ya sayar da buhun masarar da ya ajiye saboda damina. Biki ya watse, bashi yana nan.

Ana iya fita kunyar baƙi ba tare da an ci bashi ba. Yau za mu koyi wani abin motsa baki wanda babu nama, babu ƙwai a cikinsa. Shi ne ƙosan farin kabeji mai yaji. Kusan duk kayan haɗinsa muna noma su da kanmu. Wake da gyaɗa suna cikin rumbu. Tumatir da attarugu da albasa suna nan a lambunan Ikara da Hunkuyi da Makarfi.

MENE NE FARIN KABEJI?

Farin kabeji ɗan'uwan kabejin da muka sani ne. Bambancinsu shi ne, a kabeji ganye ake ci. A farin kabeji kuwa kan da ke tsakiya ake ci. Kan nan fari ne, a dunƙule, kamar curin auduga. Fure ne ya fara haɗuwa amma bai buɗe ba.

Shuka ce mai son sanyi. Shi ya sa a Nijeriya aka fi noma shi a ƙasar Jos, daga can ake kai shi kasuwannin birane. Ƙasashen Sin da Indiya su ne suka fi kowa noma shi a duniya. Mutanen Indiya da yawa ba sa cin nama. Sukan tsoma farin kabeji cikin ƙullun wani irin wake nasu, su soya, su ba baƙi da shayi. Suna kiransa pakora. Mu kuma muna da ƙullun ƙosai, wanda kowace uwargida ta san hannunsa. Da shi za mu yi namu.

In ba a samu farin kabeji a kasuwarku ba, kada a fasa. Kabejin da ake nomawa a fadamunmu ma yana yi. Za mu faɗi yadda ake yi da shi a gaba.

AMFANINSA A JIKI

Wake abinci ne mai gina jiki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake sinadarin gina jiki ne, wato irin abin da ake nema a cikin nama. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin wakenmu, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da ingantattun iri masu yawa. Farin kabeji kuma yana da bitamin C, wanda ke taimaka wa dasashi da warkewar rauni. Amma doguwar dahuwa tana lalata wannan bitamin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

KAYAN DA AKE BUKATA

Wannan awo zai ba da ƙosai kamar 60. Ya ishi mutum 20, kowa ya samu uku.

1. Farin kabeji, kai 2 matsakaita
2. Wake, gwangwanin madara 4
3. Albasa 2 manya
4. Attarugu 6
5. Tafarnuwa ƙwaya 4
6. Ɗanyar citta, ɗan yanki kamar babban yatsa
7. Garin masara mai laushi, rabin gwangwani
8. Gishiri
9. Lemon tsami 1
10. Man gyaɗa, kwalba ɗaya da rabi

YADDA AKE ZAƁEN KAYA

Maigida, a nan aikinka yake. Ka zaɓi farin kabeji mai nauyi a hannu, wanda kansa ya haɗe ƙam. Ganyen da ke kewaye da shi ya kasance kore shar. In ka ga baƙin ɗigo-ɗigo a kansa, ko ya yi laushi, ko yana wari, ya kwana biyu, ka bar shi. In zai kwana a gida, a ajiye shi a inuwa wurin da iska ke shiga. Kada a ɗaure shi cikin leda, kuma kada a wanke shi sai ranar aiki.

Sai wake. Ka shinshina kafin ka auna. In yana warin magani, kada ka saya ko da da araha ne. Wasu masu ajiya suna zuba wa wake maganin ƙwari mai guba don kada ya huje. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin da aka samu a cikinsa. Abin da baƙin ƙasa suka ƙi ci, bai kamata mu ba baƙin gidanmu ba. Mai ajiye wakensa ya nemi buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba.

Haka gyaɗar da za a yi ƙuli-ƙulin yaji da ita. A tsince wadda ta yi funfuna, da wadda ta yanƙwane, da mai ɗaci, a zubar. Gyaɗa mai funfuna tana ɗauke da wata guba da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe wannan guba.

MATAKI NA ƊAYA: GYARAN FARIN KABEJI

Uwargida, ki fara da wanke hannu da sabulu. Ki wanke wuƙa da faranti. Kada ki yi amfani da wuƙar da aka yanka ɗanyen nama da ita sai an wanke ta sosai.

Ki cire ganyen. Ki juya kan, ki yanke kututturen da ke ƙasa. Za ki ga ya rabu reshe-reshe. Ki rarraba su, kowane yanki ya zama kamar girman goro. Ki yi ƙoƙari girmansu ya zo ɗaya, don su nuna tare.

Ki zuba ruwa mai tsabta a roba, ki sa gishiri cokali 2 na cin abinci. Ki jiƙa yankan a ciki na minti 15. Tsutsa da ƙananan ƙwari suna ɓuya a lungunan farin kabeji, ruwan gishiri shi ke fito da su. Bayan nan ki ɗauraye sau biyu.

Ki ɗora ruwa a wuta. In ya tafasa, ki matsa lemon tsami a ciki, ki zuba farin kabejin. Ki bar shi minti 3 kawai, ki sauke. Kada ki sa kanwa. Kanwa tana mayar da shi rawaya, tana sa shi ya lugwigwice, tana kuma kashe bitamin ɗin da muka ambata. Lemon tsami kuwa yana riƙe masa farinsa.

Ki juye a gwagwa ya tsane. Sannan ki baza a tire, ki rufe da tsabtataccen ƙyalle, ya sha iska har ya bushe. Wannan wuri yana da muhimmanci. In da sauran ruwa a jikinsa, ƙullu ba zai kama ba, kuma mai zai yi ta fantsama.

MATAKI NA BIYU: ƘULLU

Ki surfa wake, ki wanke har dusar ta fita tas. Ki jiƙa shi kamar awa ɗaya ya yi laushi. Ki haɗa da albasa ɗaya da attarugu da tafarnuwa da citta, a kai markaɗe. Ki gaya wa mai inji kada ya cika ruwa. Ƙullun da muke so ya ɗan fi na ƙosan yau da kullum kauri, domin shi zai zama rigar farin kabejin. Ƙara ruwa ba wuya, amma in ya yi yawa ba ya fita.

In an dawo da shi, ki buga da muciya ko ludayi, kina juyawa ta gefe ɗaya, na minti 10. Bugun nan shi ke shigar da iska, ƙosai ya tashi, ya yi laushi a ciki. Ga yadda za ki gane ya bugu. Ki ɗiga kaɗan a cikin kofin ruwa. In ya taso sama, ya yi. In ya nutse, ki ƙara bugu.

Ki yayyanka albasar da ta rage ƙanana-ƙanana, ki zuba. Gishiri kuwa sai kin zo suya. Ki riƙa ɗibar ƙullun a ƙaramin kwano, ki sa gishiri, ki juya, ki soya, sannan ki sake ɗiba. In aka sa wa ƙullu gishiri aka bar shi, yakan saki ruwa ya kwanta.

MATAKI NA UKU: SUYA

Ki ɗora kasko mai zurfi, ki tabbata ya zauna daram a kan murhu. Ki zuba mai, amma kada ya wuce rabin kaskon. Ki gwada zafinsa da ɗigon ƙullu. In ɗigon ya taso nan da nan yana kumfa, mai ya yi. In ya zauna a ƙasa, da saura. In mai yana hayaƙi, wuta ta yi yawa, ki janye itace.

Ki barbaɗa garin masara a kan farin kabejin, ki girgiza tiren. Garin shi ke sa ƙullu ya manne. Ki ɗauki yanki ɗaya, ki tsoma a ƙullu ya rufe shi ko'ina. Ki saka a mai a hankali ta gefen kasko, kada ki jefa daga nesa. Ki sa kamar 10 a lokaci ɗaya. In kin cika kasko, mai zai huce, ƙosan ya sha mai.

Ki soya da matsakaiciyar wuta na minti 5 zuwa 6, kina juyawa da matsami. In ya yi ja kamar ƙosai, ki kwashe a kwando mai ya tsane. Ki fasa na farko ki duba. Ƙullun ciki ya nuna, babu ɗanye. Farin kabejin kuma ya yi laushi amma da ɗan sauran ƙarfinsa a haƙori.

YAJIN BARBAƊAWA

Ana iya haɗa yaji tun kwana biyu kafin biki. Ki daka ƙuli-ƙuli gwangwani 1, da busasshen barkono cokali 4, da busasshiyar citta cokali 1, da masoro rabin cokali, da kanunfari ƙwaya 5, da gishiri kaɗan. Ki tankaɗe da rariya. Ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. A barbaɗa shi tun ƙosan yana da zafi, a lokacin ya fi kamawa.

MIYAR DANGWALE

In da hali, a haɗa da 'yar miya. Ki jajjaga tumatir 6, da tattasai 3, da attarugu 2, da albasa 1. Ki soya da mai ludayi ɗaya, ki sa daddawa da gishiri. Ki bar ta a wuta har ruwan tumatir ya ƙone, mai ya taso. A zuba da cokali a gefen farantin kowa. Kada a ajiye kwano ɗaya kowa yana tsoma hannu.

IN KABEJIN GIDA AKA SAMU

Ki cire ganyen waje. Ki yanka kabeji ɗaya matsakaici siri-siri kamar na kwaɗo. Ki wanke da ruwan gishiri, ki ɗauraye. Ba sai an tafasa shi ba. Ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki bari minti 10, sannan ki matse ruwan da hannu sosai. Ki zuba cikin ƙullun ki juya. Ki riƙa ɗiba da cokali kina sakawa a mai kamar ƙosai. Ki rage gishirin ƙullu, tunda kabejin ya riga ya sha. Ana iya ƙara gurzajjen karas don kyan gani.

IDAN AN SAMU MATSALA

Ƙullu yana zamewa daga jikin farin kabeji: bai bushe ba, ko ƙullun ya yi ruwa. A ƙara barbaɗa garin masara.

Ƙosai ya sha mai: wuta ta yi sanyi, ko an cika kasko.

Waje ya ƙone, ciki ɗanye: wuta ta yi yawa, ko yankan ya yi girma.

Ƙosai ya yi tauri: ba a buga ƙullun sosai ba.

Ƙullu ya yi tsami: an markaɗa da wuri an bar shi a zafi. A zubar, kada a ba baƙi.

TSARIN LOKACI

Ranar biki hannu yana yawa, hankali yana rabuwa. Saboda haka a raba aikin. Ana gobe biki, a haɗa yaji, a surfa wake a shanya shi ya bushe, a tanadi itace da mai. Da asuba a jiƙa waken, a gyara farin kabeji. Da safe a kai markaɗe. A fara suya lokacin da baƙi suka fara shigowa. Mutum biyu sun isa, ɗaya tana tsomawa tana soyawa, ɗaya tana barbaɗa yaji tana rabawa.

Kada a zuba ƙosai mai zafi cikin leda ko kula a rufe. Tururi zai sa ya yi laushi, daɗinsa ya tafi. A sa shi a kwando, a rufe da faifai saboda ƙuda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a bar dafaffen abinci a ajiye fiye da awa 2 ba a wuta ba, ba a firji ba. Don haka a riƙa soyawa kaɗan-kaɗan ana rabawa. Biki ɗaya yana iya kwantar da unguwa guda da gudawa in aka yi sakaci.

A tuna kuma ba kowa ke iya cin yaji ba. A ware wa yara nasu ba barbaɗe. Mai gyambon ciki a bar shi ya sa da kansa. Mai hawan jini a rage masa gishiri. Tambayar baƙo abin da yake iya ci, ita ma karramawa ce.

HATTARA DA WUTA

Gidan biki cike yake da yara. A kafa murhun suya a gefe, nesa da hanyar wucewa, nesa da zana da danni. Mai suya kada ta goya yaro. Ta ɗaure mayafinta da kyau. In wuta ta kama man kasko, kada a zuba ruwa, domin ruwa yana sa wutar ta yi tsalle ta bazu. A rufe kaskon da babban murfin ƙarfe, a janye itace, a bar shi ya huce.

In mai ya ƙona wani, a yi ta zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta na minti 20. Kada a shafa ƙwai, ko manja, ko man goge baki, ko tawada. Kada a fasa ƙurjin da ya taso. In ƙunar tana da faɗi, ko a fuska take, ko yaro ne, a kai shi asibiti nan take.

GA MASU LAMBU

Mai noman kabeji a fadama yana iya gwada farin kabeji a ɗan kwami ɗaya ko biyu. Renonsa da dashensa kamar na kabeji ne. A yi lissafi kan ya fito a tsakiyar hunturu, domin zafin bazara yana sa shi ya warwatse. In kan ya fara fitowa, a tattaro ganyen a rufe shi, don rana kada ta mayar da shi rawaya. A nemi shawarar malamin gona game da irin da ke jure zafi. In an yi feshi, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani kafin a yanka.

Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki. Baƙo da ya samu tabarma, da ruwan sanyi, da ƙosai uku masu zafi, ba zai tashi da gori ba. Maigida kuma ya kwana da buhun masararsa a ɗaki. Shawararmu ita ce a fara gwadawa a gida da gwangwani ɗaya na wake kafin ranar biki, don hannu ya faɗa.

TAMBAYOYI

1. Wane ɓangare na farin kabeji ake ci?
2. Me ya sa ake jiƙa shi a ruwan gishiri?
3. Me ya sa ba a sa masa kanwa?
4. Yaya ake gane ƙullu ya bugu?
5. Me za a yi in wuta ta kama man kasko?
6. Awa nawa ne iyakar barin dafaffen abinci a ajiye?

LISSAFI

1. Gwangwani 4 na wake sun ishi mutum 20. Gwangwani nawa ake bukata don mutum 60?
2. Kai 2 na farin kabeji sun ba da ƙosai 60. Kai nawa za a saya in ana son ƙosai 150?
3. Ana soya ƙosai 10 a cikin minti 6. Minti nawa za a ɗauka kafin a soya 60?

AIKIN GIDA

Ranar kasuwa, a tambayi kuɗin kowane ɗaya daga kayan nan 10. A rubuta, a haɗa jimla. Sannan a tambayi kuɗin kaji 5. A kwatanta, a ga nawa ya rage a aljihu.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa. A ci lafiya.